Maɓallin Komawa Baya: Abin da Fim ɗin Ƙwayoyin Zarra Yake Nunawa Idan Aka Juya Shi

A ƙasan babbar tagar VMD, manhajar da masana suke kallon motsin ƙwayoyin sinadarai da ita, akwai 'yan kibiyoyi, wasu na kallon dama, wasu na kallon hagu. Ka danna ta dama, furotin ɗin da ke kan allo zai fara karkarwa, ƙwayoyin ruwa suna kai-komo a gefensa, wataƙila ma ka ga ƙwayar magani ta zame ta fice daga ramin da take maƙale a ciki. Ka danna ta hagu, sai maganin ya taso daga nesa, ya miƙe ɗoɗar ya faɗa ramin, furotin ya rufe a kansa. Fayil ɗin bai canja ba, hotunan ma su ne, amma labari ya zama biyu. Na farkon lissafin kwamfuta ne ya haife shi. Na biyun kuwa, wani lokaci gaskiya ne tsagwaronta, wani lokaci kuma labarin abin da ba zai taɓa faruwa ba ne, kuma ido kaɗai ba ya iya rarrabe su.

William Humphrey da Andrew Dalke da Klaus Schulten ne suka gabatar da VMD a 1996, daga Jami'ar Illinois ta Amurka. Ba ita kaɗai ke da wannan dama ba. A PyMOL, wadda marigayi Warren DeLano ya rubuta, mutum na iya jera lambobin hotuna daga na ƙarshe zuwa na farko, manhajar ta bi su haka. Chimera da ƙanwarta ChimeraX, na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco, su ma suna yi. Ga mai rubuta manhaja aikin ba komai ba ne: maimakon a ƙara ɗaya a kan lambar hoto, sai a rage ɗaya. Amma a ƙarƙashin wannan ɗan aiki akwai gardamar da masana kimiyyar lissafi suka fara tun shekarun 1870, kuma duk ɗalibin da ya danna kibiyar hagu ya tsoma ƙafa a cikinta, ko ya sani ko bai sani ba.

Yadda ake ɗinka fim ɗin

Babu kyamarar da ta ɗauki waɗannan hotuna. Lissafi ne. Ana ba kwamfuta matsayin kowace ƙwayar zarra, da saurin tafiyarta da inda ta dosa, da ƙa'idojin yadda ƙwayoyin suke jan juna ko ture juna. Daga nan kwamfuta ta yi amfani da dokokin motsi na Isaac Newton ta gano inda kowace za ta kasance bayan wani ɗan mitsitsin lokaci. Ta matsar da su, ta sake lissafin ƙarfin da ke kansu a sabon wuri, ta sake matsar da su. Haka za ta yi ta yi.

Wannan ɗan lokaci yawanci femtosakan 2 ne. A raba sakan ɗaya gida miliyan, a ɗauki gida ɗaya a sake raba shi gida biliyan, abin da ya fito shi ne femtosakan, ma'aunin da aikin Ahmed Zewail ɗan ƙasar Masar ya fito da shi fili har ya sami kyautar Nobel a 1999. Dole takun ya yi ƙanƙanta haka domin igiyar da ke haɗa zarrar haidirojin da ta kabon tana miƙewa ta dawo cikin kusan femtosakan 10, kuma idan taku ya yi faɗi lissafin tarwatsewa yake yi. Saboda haka wanda yake son ganin nanosakan 100 na rayuwar furotin, abin da ɗalibin digiri na biyu yake yi a yau, sai kwamfutarsa ta yi taku miliyan 50.

Ba a adana duk takun, don babu faifan da zai ɗauka. Idan ana ajiye hoto ɗaya bayan kowane taku 5,000, za a tashi da hotuna 10,000, waɗanda idan aka kunna su 30 a kowane sakan za su ba da fim na minti biyar da rabi. Wannan jerin hotuna shi ne sawun motsin, shi ake ajiyewa a fayil irin DCD na manhajojin lissafi NAMD da CHARMM, ko XTC da TRR na GROMACS. A lura da wannan, don zai dawo nan gaba: tsakanin kowane hoto da na bayansa akwai dubban taku da aka zubar, kuma fayil irin XTC matsayi kawai yake riƙewa, shi ma an datse lambobinsa don kada fayil ya yi nauyi. Saurin ƙwayoyin ba ya ciki.

Wannan sana'a ta kwaikwayon motsin ƙwayoyi ba tsohuwa ba ce sosai. Berni Alder da Thomas Wainwright sun fara ta a 1957 a Livermore da ƙwallaye masu tauri da suke karo da juna. A 1964 Aneesur Rahman, haifaffen Haidarabad ta Indiya, ya kwaikwayi ruwan iskar argon da ƙwayoyi 864 a cibiyar Argonne. Furotin na farko ya shigo a 1977, lokacin da Andrew McCammon da Bruce Gelin da Martin Karplus suka motsa wani ƙaramin furotin mai suna BPTI na tsawon abin da bai kai pikosakan 10 ba. Zuwa 2013 ƙungiyar Schulten ta kwaikwayi ɓawon ƙwayar cutar HIV da zarra miliyan 64, a shekarar da Karplus da Michael Levitt da Arieh Warshel suka karɓi Nobel.

Gardamar Viyana

Dokokin Newton ba su san gaba da baya ba. Idan ƙwayoyi biyu suka yi karo suka rabu, aka juya fim ɗin, abin da za a gani wani karo ne da shi ma bai karya wata doka ba. Wannan siffa ta shiga har cikin dabarar lissafin da aka fi amfani da ita, wadda Bafaranshe Loup Verlet ya yaɗa a 1967. Ga yadda take: matsayin gaba shi ne ninki biyu na matsayin yanzu, a cire matsayin baya, a ƙara ɗan abin da ƙarfi ya jawo. Ka musanya gaba da baya a cikin wannan jimla, lissafin zai tsaya yadda yake.

To in haka ne, me ya sa duniyar da muke gani take da alkibla ɗaya? Mai dama fura ba ta taɓa ganin nono ya ware gefe guda, furar ta sake dunƙulewa don kanta ba, alhali kowane karo da ke faruwa a cikin ƙwaryar yana da ɗan'uwansa na komawa baya wanda doka ta halatta.

A 1872 Ludwig Boltzmann ya fitar da wani lissafi da ya nuna cewa iskar da aka bari a akwati kullum tana tafiya ne zuwa ga warwatsuwa da daidaito. A 1876 abokinsa kuma abokin aikinsa a Viyana, Josef Loschmidt, ya kawo ƙorafi mai kaifi. Ya ce a ɗauka iskar ta gama bazuwa, sai a juya alkiblar kowace ƙwaya daidai wa daida. Dokokin Newton za su tilasta musu bin sawunsu su koma lungun da suka fito. Ke nan akwai yanayin da warwatsuwa take raguwa, kuma ga kowace tafiya ta gaba akwai takwararta ta baya. Ta yaya dokokin da ba su da alkibla za su haifi sakamako mai alkibla?

Amsar da Boltzmann ya bayar a 1877 ita ce har yanzu ake tsaye a kanta. Bai ce komawa baya haramun ba ne. Ya ce hanyoyin da ƙwayoyi za su kasance a warwatse sun ninka hanyoyin da za su kasance a tattare ninkin da hankali ba ya ɗauka, don haka duk tsarin da ya fara daga tattare, kusan babu makawa zai gangara zuwa warwatse. Komawa na yiwuwa, amma sai an saita kowace ƙwaya a kan alkibla guda tak daga cikin alkiblu marasa adadi. Lissafin da ya ƙulla wannan tunani shi ne aka sassaƙa a kan kabarinsa a Viyana.

Waɗanda suka gwada

A zamanin Loschmidt babu mai iya juya ƙwayoyin iska. Da kwamfuta ta zo, sai abin ya zama aikin rana ɗaya: ka tsayar da lissafi, ka sa alamar ragi a gaban saurin kowace ƙwaya, ka ci gaba. A 1967 wasu masana biyu a Burasels ta Beljiyam, Orban da Bellemans, suka yi haka da iskar faya-fayai masu tauri. Suka ga lalle tsarin ya juya ya kama hanyar komawa inda ya fito, yadda Loschmidt ya faɗa. Amma da suka cusa ɗan kuskure ƙanƙane a lokacin juyin, komawar ta lalace, kuma gwargwadon yawan karon da aka yi kafin a juya, gwargwadon munin lalacewar.

Dalilin yana da sauƙin fahimta. Kowane karo yana faɗaɗa kuskure. Ƙwayar da ta kauce da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, za ta bugi ta gaba a wani gefe daban kaɗan, waccan ta kauce fiye da haka, ta bugi wata. Kuskuren ninkuwa yake yi, ba taruwa ba. Ita kuma kwamfuta ba ta riƙe lamba har ƙarshenta, tana datse ta a wani gurbi, kuma wannan datsewar kaɗai ta isa. A cikin ruwa, tafiyoyi biyu da suka fara da bambanci a can gurbi na ƙarshe sukan rabu gaba ɗaya cikin 'yan pikosakan. Har ma yakan faru mutum ya gudanar da lissafi ɗaya sau biyu a kwamfuta ɗaya ya sami sawu biyu, saboda na'urorin da ke aiki tare ba su tara lambobin a jeri iri ɗaya ba.

Verlet da kansa ya dawo kan batun a 1993 tare da Dominique Levesque. Suka nuna cewa idan aka yi lissafin da cikakkun lambobi marasa ɓurɓushi, ta yadda datsewar gaba da ta baya za su zama iri ɗaya, tsarin yana komawa daidai inda ya taso. Babban misali ya zo daga Anton, kwamfutar da kamfanin bincike na David Shaw ya ƙera a New York don wannan aiki kawai, wadda ta fara aiki a 2008. Masu ita sun ba da rahoton cewa sun yi taku miliyan 400, suka juya saurin kowace zarra, suka sake yin taku miliyan 400, sai ga su a wurin da suka fara, babu ko lamba ɗaya da ta sauya. Da Loschmidt ya ga wannan da ya yi murna. Sai dai sharaɗin shi ne a kashe na'urar daidaita zafi da ta matsi. Galibin lissafin da ake yi kullum yana ɗauke da irin wannan na'ura, kuma wasu daga cikinta, kamar ta Langevin, suna watsa wa ƙwayoyin bugu na kan-mai-uwa-da-wabi tare da rage musu gudu, abin da juya alkibla kaɗai ba ya warwarewa.

Nan ne ya kamata a raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Juya lissafi daban, juya fim daban. Na farko gwaji ne mai wuya wanda ke buƙatar saurin kowace zarra da cikakkiyar lambarsa. Na biyu karanta jerin hotuna ne daga ƙasa zuwa sama. Kibiyar hagu ta VMD ba ta lissafa komai. Ba za ta taɓa kasawa ba, domin hanyar tana rubuce tun tuni, kuma rashin kasawar nan shi ne yake ruɗar mai kallo. Tun wajajen 1896 'yan'uwan nan Lumière na Faransa suka riƙa nuna fim ɗin rushe wata katanga a juye, 'yan kallo suna ganin katanga ta tashi daga ƙura ta tsaya. Kowa a zauren ya san wasa ne, don kowa ya san katanga. Furotin kuwa babu wanda ya taɓa ganinsa da ido yana motsi, balle ya ce wannan ba halinsa ba ne.

Inda gizo ke saƙa

Akwai yanayin da fim ɗin baya yake daidai da na gaba ta kowace fuska, wato lokacin da tsarin ya kai daidaito, babu mai jansa, babu mai tura shi, zafi da matsi sun zauna. A nan wata ƙa'ida take aiki, wadda Richard Tolman ya yi bayaninta a shekarun 1920, Lars Onsager kuma ya gina babban aikinsa na 1931 a kanta: a cikin daidaito, kowace hanya da takwararta ta baya suna da rabo ɗaya na faruwa. Idan magani ya fita daga ramin furotin don kansa, ta wata ƙofa, to ta wannan ƙofar yake shiga. Idan aka ba ƙwararre fim ɗin ruwa a daidaito, aka ɓoye masa lambobin hotuna, ba zai iya faɗin wane gefe ne farko ba, kuma ma'aunai irin saurin bazuwar ƙwayoyi za su fito iri ɗaya ko ta ina aka karanta.

Matsalar ita ce abubuwan da suka fi jan hankali ba sa faruwa da wuri. Magani mai kyau yana iya zama a raminsa na sakanni, ko mintuna, ko sa'o'i, alhali kwamfutar yau da kullum da ƙyar take wuce 'yan mikrosakan. Don haka masana suka ƙirƙiro hanyoyin gaggauta abu. A 1996 Helmut Grubmüller da abokan aikinsa a Munich ta Jamus suka ɗaura wa ƙwayar biotin wata igiyar lissafi mai tsalle, suka fizge ta daga cikin furotin streptavidin, suna auna ƙarfin da ya ɗauka. Ƙungiyar Schulten ta yi irin haka a 1997, sannan ta warware wani sashe na titin, furotin ɗin tsoka, a 1998. Aiki ne mai daraja, ya koyar da abubuwa da yawa game da igiyoyin da suke riƙe da furotin. Amma fizga ce ta nanosakan, wadda saurinta ya ninka na gwajin ɗakin bincike ninkin ba ninki. Ƙwayar tana fita ne ta inda aka ja ta, tana ture abin da ya tare mata hanya, ƙarfin da aka zuba kuma yana bajewa cikin ruwa ya zama zafi.

Yanzu a juya wannan fim. Za a ga ƙwayar magani ta taho a miƙe kamar an aiko ta, sassan furotin suna buɗe mata hanya tun kafin ta iso, ruwa yana tattara zafinsa yana miƙa mata. Fim ne mai kyan gani, ya fi na gaskiya kyau nesa ba kusa ba, kuma shi ya sa hannu yake ƙaiƙayin saka shi a gaban taro da sunan yadda magani yake kama furotin. Yadda abin yake a zahiri an gan shi a 2011, lokacin da ƙungiyar Shaw ta saki dasatinib, maganin wani nau'in sankarar jini, a cikin ruwa kusa da furotin Src, ba tare da ta nuna masa hanya ba. Maganin ya yi ta yawo a bayan furotin, ya maƙale nan, ya saki, ya maƙale can, kafin daga bisani ya sami ramin ya zauna yadda hoton ɗakin bincike ya nuna. Yawon nan da ɓatan hanya, da korar ƙwayoyin ruwan da suka riga shi zama a ramin, su ne ainihin labarin. Fim ɗin fizga da aka juya ya share su duka.

Naɗewar furotin ma ta sha irin wannan muhawara, kuma a nan masu juyawar suna da hujja mai nauyi. Tun shekarun 1990 Valerie Daggett ta Jami'ar Washington, tare da Alan Fersht na Kambirij da yake gwaje-gwaje a ɗakin bincike, ta riƙa dafa ƙananan furotin a kwamfuta a zafin da ya kai digiri 225 na ma'aunin Salshiyos don su warware da sauri, sannan a karanta matakan daga ƙarshe a matsayin hanyar naɗewa. Masu suka suka ce ƙa'idar Tolman tana aiki ne idan yanayin tafiya da na dawowa ɗaya ne, kuma furotin ba ya naɗewa a irin wannan zafi. Daggett ba ta tsaya ga fim ba. Ta auna sakamakonta da gwaje-gwajen Fersht, daga baya kuma ƙungiyarta ta yi lissafi a zafin da furotin yake warwarewa ya sake naɗewa a tafiya ɗaya. A 2011 Anton ta kwaikwayi ƙananan furotin 12 suna naɗewa suna warwarewa sau ɗaruruwa a cikin daidaito. A ganina darasin wannan tarihi a fili yake: juya fim yana iya zama mafarin zato mai kyau, amma hujjar sai an nemo ta a wani wuri.

Akwai wata ƙaramar dabara da ta fi waɗannan yaɗuwa, kuma ba a cika ɗaukarta da muhimmanci ba. VMD tana da zaɓin da fim zai je ƙarshe ya juyo baya, ya sake komawa gaba, yana lilo ba tsayawa. Masu gabatar da jawabi suna son sa domin fim ba ya yin tsalle daga hoton ƙarshe zuwa na farko. Amma mai kallo zai ga ƙofar furotin tana buɗewa tana rufewa, tana buɗewa tana rufewa, ya tashi da yaƙinin cewa haka take numfashi, alhali lissafin sau ɗaya tak ya ga ta buɗe, bai taɓa ganin ta rufe ba. Gani ya kori ji, in ji Hausawa, kuma duk bayanin da mai jawabi zai yi da baki ba zai goge abin da ido ya ɗauka ba. Haka nan fina-finan da ake haɗawa ta hanyar cike gurbi tsakanin siffofi biyu na furotin: waɗannan ba su da lokaci a cikinsu sam, gabansu da bayansu duk zane ne.

Halitta da kanta tana da injin da yake tafiya gaba da baya, kuma ya nuna abin da ke zaɓar alkibla. Furotin ɗin da ke ƙera ATP, makamashin ƙwayoyin jikinmu, juyawa yake yi. A 1997 masana a Japan, ciki har da Hiroyuki Noji da Masasuke Yoshida da Kazuhiko Kinosita, suka ga sashensa yana juyawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma yayin da yake ƙona ATP. A 2004 aka maƙala masa ɗan dutsen maganaɗisu aka juya shi ta ɗaya gefen da ƙarfi, sai ya koma ƙera ATP. Injin bai canja ba. Abin da ya canja shi ne inda ƙarfi yake fitowa, kuma an biya kuɗin komawar da aiki na gaske.

Aikin da maɓallin ya dace da shi

Duk wannan ba ya nufin a guji kibiyar hagu. Ni ina ganin tana cikin kayan aiki mafi amfani a manhajar, in an san abin da ake nema da ita. Amfaninta na farko bin diddigi ne. A hoto na ƙarshe ka ga ƙwayar ruwa ɗaya ta zauna a tsakiyar furotin, cikin dubban ƙwayoyin ruwa masu kama ɗaya. Ba yadda za a yi ka san ita ce tun daga farko balle ka sa mata ido. Sai ka yi mata launi, ka koma baya da ita taku-taku har ka ga ƙofar da ta shigo. Haka ake gano lokacin da wata igiya ta tsinke, da wane sashe ne ya fara motsi kafin rami ya buɗe. Sakamako ne a hannunka, kana neman sanadi, kuma hanyarsa baya take.

Amfani na biyu ya fi zurfi. Tunda tsarin da ke cikin daidaito ba a gane gabansa da bayansa, to duk fim ɗin da aka juya aka ga ya yi banbaraƙwai yana faɗa maka cewa tsarin bai zauna ba. Farkon kowane lissafi haka yake: furotin ya fito daga siffar da aka auna a cikin ƙanƙarar gishirinsa, yana sakin jiki a ruwa. A juye za ka ga yana ɗaurewa yana komawa siffa guda, alama ce cewa wannan yanki na fayil ɗin ba na lissafin sakamako ba ne, na zubarwa ne. Masana sun mayar da wannan tunani lissafi sosai. Christopher Jarzynski a 1997 da Gavin Crooks a 1999 sun nuna yadda bambancin tafiyar gaba da ta baya yake da alaƙa da yawan ƙarfin da ya salwanta ya zama zafi, kuma a 2005 aka tabbatar da lissafin Crooks a ɗakin bincike ta hanyar warware zaren RNA guda ɗaya da sake naɗe shi da hantsakin haske. A Berkeley kuma, a 1998, Christoph Dellago da Peter Bolhuis da David Chandler da abokan aikinsu suka gina wata dabara da take ɗaukar hoto daga tsakiyar wani sauyi, ta ɗan taɓa saurin ƙwayoyin, ta harba lissafi gaba da kuma baya, don tara hanyoyin da sauyin yake bi. A nan komawa baya lissafi ne na gaske, ba jeren hotuna ba.

Batun ya shafe mu kai tsaye. GROMACS kyauta ce, VMD da ChimeraX ma ba a biyan kuɗi don aikin karatu, kuma ɗalibai da yawa a sassan kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna na jami'o'inmu sun rungumi wannan hanya, suna gwada sinadaran tsirrai a kan furotin ɗin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da na wasu cututtuka. Abin farin ciki ne, domin fage ne da mai ƙaramin ƙarfi zai iya shiga ba tare da ɗakin bincike na miliyoyi ba. Amma ƙarancin kwamfuta mai ƙarfi da matsalar wutar lantarki suna sa lissafi ya zama gajere, gajeren lissafi kuma shi ne ya fi jawo sha'awar a gyara fim don ya faɗi abin da lambobi ba su faɗa ba. Nanosakan 100 da magani ya yi bai bar raminsa ba bai nuna yadda ya shiga ba, bai kuma tabbatar da cewa zai zauna ba.

Ga ɗalibin da zai tsaya gaban malamai da fim ɗinsa: ka sa agogon lokaci a kusurwar allo, yana nuna nanosakan na kowane hoto, ta yadda in fim ya juya kowa zai ga lambobi suna raguwa. In ka juya shi, ka rubuta a jikinsa cewa a juye yake. In fizgar ƙwayar aka yi ko dafa furotin aka yi, ka faɗi ƙarfin da zafin. Ga malamai masu duba aiki kuma, duk fim ɗin da aka nuna muku magani ya tafi kai tsaye ya faɗa raminsa ba tare da ya yi yawo ba, ku nemi a buɗe ainihin fayil ɗin, a nuna muku hoto na ɗaya.